Hayatu Mai Jin Jan Baki

A shekarun da Jega take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, akwai wani mutum a ƙauyen Fagada da ake kira Hayatu. Yana da gona ɗaya, da awaki biyu, da matarsa Zuhura, amma abin da aka san shi da shi kunnensa ne. Kunnen ba shi da wani girma na daban. Na dama ma yana da ɗan tsagu a sama, inda ƙaya ta taɓa kama shi. Sai dai abin da yake ji da shi ya fi ƙarfin na mutane.

Ya taɓa shiga zauren mai gari ya ce gara tana cin azarar tsakiya. Aka yi dariya, aka ƙwanƙwasa azarar, sai ga gari yana zubowa. Yakan gane kazar da za ta yi ƙwai daga takunta. Yakan ce albasar Aliero tana ɗan kuka a cikin ƙasa lokacin da take kumbura, amma wannan babu wanda ya iya tabbatarwa.

Babban aikinsa shi ne jan baki, tsuntsayen nan ƙanana da ke zuwa dubbai-dubbai idan gero ya fitar da kai. Su sauka a gona da hantsi, kafin azahar sun bar wa mutum kara a tsaye. Amma duk yawansu wuri ɗaya suke kwana, a kurmin ƙaya ko a dogayen ciyayin fadama, kuma wanda ya san makwancinsu zai iya kai musu wuta da raga. Hayatu ne yake sani. Bayan la'asar sai ya hau tudun bayan gari da wani tsohon tulu mai huda a gindi, ya kwanta rub da ciki, ya sa kunne a hudar, ya riƙa juya bakin tulun a hankali, gabas, kudu, yamma. Can sai ya tashi ya karkaɗe riga, ya nuna da hannu. Yakan ce kukan makwanci daga nesa kamar suya yake, a wani gida can bayan gari.

Yana tattalin kunnen nan fiye da yadda ake tattalin amarya. Ranar kasuwar Jega ba ya bi ta wajen injin niƙa, gara ya kewaya ta kasuwar awaki. A wurin biki yana zama nesa da masu kalangu. Taubashinsa Maccido, wanda ba ya ganin sa bai tsokane shi ba, shi ya sa masa suna Kunnen Zomo.

Wata shekara tsuntsayen suka zo da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wuta da raga suka kasa. Daga Jega har Maiyama mutane suna kwana suna tashi da zancen abu ɗaya. Sai hukuma ta turo jirgi mai saukar ungulu, wanda zai fesa musu guba daga sama.

A filin ƙwallon makarantar Jega ya sauka. Iskarsa ta kwashe shanyar gidaje uku, ta ɗaga faifan wata mai ƙosai ta kai shi kan bishiyar dogon yaro. An ce kajin unguwar sun yi kwana uku ba su yi ƙwai ba. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani dogon bututu mai hudoji, nan gubar take fitowa. Mutum biyu ne suka zo da shi: matuƙi, Kyaftin Garba, wanda ba ya yawan magana, da mai gyara, Junaidu, mutumin Zariya, wanda yake magana kamar yana kiran wani a tsallaken gulbi.

Malamin gona ya tara masu unguwanni ya ce jirgi ba ya fesa sai an san makwanci, wa ya san shi? Maccido, da ya zo sayar da wake, ya leƙo ta bayan mutane ya ce, "Akwai wani bawana a Fagada. Ba ya da amfanin komi, amma wanga aiki nashi ne."

Washegari aka kawo Hayatu a mota, rungume da tulunsa.

Kafin a bar shi ya kusanci jirgin, Junaidu ya ja shi gefe ya miƙa masa wani abu: ƙoƙuna biyu baƙaƙe, an yi musu leɓe da fata mai taushi, an haɗa su da lanƙwasasshen ƙarfe da zai hau kan mutum.

"Baba, ga naka!" in ji Junaidu.

Hayatu ya juya abin a hannu. "Hula ce?"

"Takunkumi ne," in ji Maccido, "irin na jaki. Sai dai naka a kunne anka sa."

"Me ya ce?" Junaidu ya juyo da kunnensa na dama. Da aka maimaita masa sai ya yi dariya, sannan ya kama kunnensa na hagu ya ja. "Baba, ka ga wannan? Ado ne kawai. Ba ya jin komai. Shekara shida ina shiga jirgi kunne a buɗe, ina cewa ni namiji ne. Ƙarar jirgi ba ta yi maka zafin da za ka gudu, a hankali take ci. Tun kafin a tayar da inji ka sa, kada ka cire sai fiffike ya tsaya cak. Ko Kyaftin bai isa ya shiga ba tare da nasa ba. Ka ji?"

"Na jiya."

Junaidu ya ɗora masa, ya danna su har suka kama. Nan take duniya ta ɗauke. Hayatu yana ganin bakin Maccido yana motsi, yana ganin wata akuya ta buɗe baki, amma babu komai. Abin da yake ji kawai bugun jininsa ne, da ƙarar haɗiyar yawunsa. Tun da aka haife shi bai taɓa zama shi kaɗai haka ba. Ya tuna kabari, ya yi salati a zuci.

Kujerarsa tana bayan ta matuƙi, jikin bangon da ya raba su da inji. An ce masa idan ya ga wurin ya dafa kafaɗar Kyaftin ya nuna da yatsa. Junaidu ba ya tashi da su, a ƙasa yake zama yana haɗa guba. Jirgin ya girgiza, ya ɗaga, filin ƙwallo ya koma kamar tabarma.

Suna wuce rufin gidajen Jega, Hayatu ya yi tunani. Mutanen nan sun baro garinsu, hukuma ta turo jirgi, an aiko mota har Fagada, duk saboda kunnensa. In an kira mutum gayya, zai zo ya ɓoye fartanya cikin riga? Wannan cin amana ne. Shi ma Junaidu, yaron kirki, tausayin tsoho ne ya sa ya ba shi abin, kamar yadda ake ba baƙo matashin kai. Ya dubi ƙeyar Kyaftin, ya ga gabansa yake kallo. Sai ya zame ƙoƙunan ya rataye su a wuya.

Ƙarar ta faɗa masa kamar an kifa masa turmi a ka ana daka. Ba a kunne kawai take shiga ba, har a haƙora da ƙashin ƙirji. Amma Hayatu gwanin rarrabe sauti ne. Cikin ɗan lokaci ya gane iri biyu ce: akwai dukan fiffike daga sama, akwai kuma wani siririn fito da ke fitowa daga inji daidai ƙeyarsa, kamar ana wasa wuƙa. Ya ce a ransa idan ya daure zai iya buɗa su kamar yadda ake buɗa ciyawa, ya jiyo tsuntsaye a ƙarƙashi. Ya jingina kansa da bangon, ya kasa kunne da dukkan ƙarfinsa.

A ƙasa gulbi yana kwance kamar rawanin da ya warware. Fangalin albasar Aliero sun yi layi-layi kamar rubutu a allo. Ya ga raƙumi wanda inuwarsa ta fi shi girma sau uku. Da suka iso kurmin da ya riga ya ji da tulunsa tun jiya, ya ga ƙayoyin sun yi fari da kashin tsuntsu, ya dafa kafaɗar Kyaftin. Kafin su sauka ya mayar da ƙoƙunan.

Da rana ta yi ja tsuntsaye suka dawo kwana, suka sake tashi aka fesa. Da safe mutane suka share gawarwakin da tsintsiya suka cika ramuka huɗu, malamin gona yana bi yana gargaɗi kada kowa ya ci.

Haka aikin ya tafi. Hayatu ya saurara a ƙasa da tulu, a tashi da safe a duba wuri, a tashi da yamma a fesa. Makwanci na biyu a fadamar bayan Jega, na uku da na huɗu a gefen Aliero. Mata suka fara sa sunansa a waƙar daka. Wani mahauci ya tare shi a hanya ya ba shi tsire ya ƙi barin sa ya tafi sai da ya ci.

Ranar farko da ya sauka, siririn fiton nan ya biyo shi har gida, amma da ya yi barci ya farka ya tafi. Bayan mako ɗaya sai hantsi yake tafiya. Hayatu ya lura kuma yana daɗewa a kan tulu fiye da da, yana juya shi sau biyu, sau uku. Ya ce gajiya ce. Ya sa Zuhura ta narka man shanu ya ɗiga a kunne.

Ranar kwana na goma sha biyar Zuhura ta tsaya a bakin ɗaki da safe.

"Malam, ruwan wanka na sanyi."

Yana zaune yana gyara igiyar takalmi, ya ba ta baya.

"Malam."

Ta matso har inuwarta ta hau shi. Ya ɗago.

"Mi?"

Zuhura ta tsaya da buta a hannu. Shekara talatin suna tare, ba ta taɓa faɗa masa magana sau biyu ba. Sau da yawa ma tun tana tsakar gida tana gunaguni yake ba ta amsa daga ɗaki. Da mota ta zo ta ɗauke shi, sai Zuhura ta yafa mayafi ta tafi gidan Maccido.

Maccido ya hau kekensa ya je filin ƙwallo. Jirgi ya riga ya tashi. Ya samu Junaidu yana wanke hannu a bokiti.

"Mutumin Zazzau, mi kunka yi wa zomona? Matarsa ta ce sai ta kira shi sau biyu."

Sai da ya maimaita da ƙarfi. Junaidu ya daina wanke hannu.

Da jirgi ya sauka, fiffike ya tsaya, Hayatu ya fito da ƙoƙunansa a kunne yadda aka koya masa. Junaidu ya karɓe su kamar zai goge. Ya shafa fatar leɓensu, ya kai hanci ya sansana. Ya ɗauko na Kyaftin ya sansana. Na Kyaftin a jiƙe suke da zufa, fatar ta lotsa. Na Hayatu a bushe suke kamar yau aka fitar da su daga kwali. Ƙarfen ne kawai ya yi maiƙo, inda ya kwanta a wuya.

"Baba," in ji Junaidu, kuma wannan karon bai ɗaga murya sosai ba. "Kwana nawa?"

Hayatu ya dubi ƙasa.

"Kwana nawa kana cirewa?"

"Tun ranar farko."

"Inna lillahi. Don me? Ban nuna maka nawa ba?"

"Ka nuna mini, ɗana. Amma don kunnena kunka kira ni. In na tushe shi a sama, mi nika yi a cikin jirgin? Yawon buɗe ido? A ce Hayatu ya hau jirgin hukuma ya naɗe hannu?"

"A sama ka taɓa jin tsuntsu ko ɗaya?"

Hayatu ya ce, "Na kusa. Shekaranjiya na kusa."

"Babu mahaluƙin da zai ji tsuntsu a cikin wannan jirgin! Ko mala'ika ne! Aikin kunnenka a ƙasa yake, Baba. A sama yatsanka kawai Kyaftin yake so."

"Ba wanda ya gaya mini haka."

Gaskiya ne, ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya zaci akwai mai bukatar a gaya masa.

Ya zaunar da shi a kan garwa, ya ce ya rufe ido, duk lokacin da ya ji motsi ya ɗaga hannu. Ya koma bayansa ya ciro kwalin ashana.

"Ashana za ka gwada shi da ita?" in ji Maccido. "Wanga da ke jin tusar tururuwa?"

Junaidu ya girgiza kwalin a bayan kunnen hagu, taku uku daga nesa. Hannun Hayatu bai motsa ba. Ya matso taku ɗaya. Ya matso har kwalin ya kusa taɓa gashi, sannan hannun ya ɗago a hankali, kamar mai shakka. Ya koma kunnen dama, wanda yake jingina da bangon inji. Ya girgiza, ya girgiza. Hayatu yana zaune ido a rufe, fuskarsa a sake, yana jiran a fara.

Maccido ya cire hularsa ya mayar.

Da Kyaftin Garba ya ji labari, ya zo da kansa ya tsuguna gaban Hayatu. Ya ce daga yau ba zai ƙara shiga jirgi ba, ko kusa da filin kada ya zo in inji yana aiki. Ya ce wani lokaci idan kunne ya huta wani abu yakan dawo.

"Ranka shi daɗe, yau sai in sa su," in ji Hayatu. "Wallahi ba ni cirewa. Ku ɗaure mini su da igiya."

Kyaftin ya girgiza kai.

"To na Maiyama fa? Babban yana can, ba mu same shi ba."

Wannan gaskiya ne. Kowa ya san uwar makwantan tana wani wuri a ƙasar Maiyama, don daga can baƙin girgijen yake tasowa kowace safiya, kuma saura kwana uku jirgi ya wuce wata ƙasa. Aka yarda a kai Hayatu a mota ya saurara daga ƙasa.

Kwana ukun nan ya yi su a kwance a kan tuddan Maiyama, mutane sun kewaye shi sun yi tsit, har masu tari suna tafiya nesa su yi. Ya juya tulu gabas, ya ji fito. Ya juya yamma, ya ji fito. Ya sauya kunne. Ya ce a kashe mota, aka ce a kashe take. Jirgi ya yi ta kewaya sama ba jagora, Kyaftin ya fesa wani kurmi bisa zato, da safe aka tsinci tsuntsayen da ba su cika kwando ba. A rana ta huɗu jirgi ya tafi. Junaidu ya riƙe hannun Hayatu da hannu biyu ya daɗe, ya ce a kai shi Sakkwato a duba shi. Shinkafar Maiyama ta shekarar nan, tsuntsu ne ya girbe ta.

Bayan kaka Maccido ya raka shi asibiti a Sakkwato. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kauri kamar rumbu, aka sa masa wasu ƙoƙunan, aka ce idan ya ji siririn sauti ya ɗaga hannu. Hayatu ya ɗaga hannu tun kafin a kunna na'urar, ya bar shi a sama. Likitan ya leƙo ya ce ya sauke. Hayatu ya ce ai yana ji.

Likitan, wani mai furfura a gemu, ya zana musu kunne a takarda. Ya ce can ciki akwai wasu gasu ƙanana, sun fi gashin jariri laushi, su ne suke kama sauti. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su. In sau ɗaya ne sukan tashi, in an yi ta bi ta kansu sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Masu kama siraran sautuka su suke fara tafiya.

"Kukan tsuntsu siriri ne ko kakkaura?" Maccido ya tambaya.

"Siriri."

"To wanga fito da yake ji fa?"

"Ba daga waje yake ba. Kunnen ne yake yi da kansa. Wataƙila ya ragu, wataƙila ya zauna."

A mota suna dawowa Hayatu ya tambayi abin da likita ya ce a ƙarshe, don bai kama ba. Maccido ya sa baki a kunnensa na hagu ya ce, "Ya ce ka huta."

Rani ya wuce. Hayatu ya koyi kallon bakin mutane. A masallaci yana bin sahu da ido, in na kusa da shi ya sunkuya ya sunkuya. Mutanen Fagada sun san kunnensa ya taɓu, amma ba su san iyakar abin ba, don in an yi magana yakan gyaɗa kai ya yi murmushi a inda ya dace. Maccido da Zuhura ba su faɗa wa kowa ba.

Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, jan baki suka dawo. A shekarar jirgi bai zo ba. Mai gari ya aiko a gaishe da Hayatu, a tambaye shi ko jiki ya yi sauƙi, ko zai iya nemo musu makwanci.

Zuhura ta tare shi a ƙofar ɗaki, ta sa fuskarta daidai tasa yadda zai ga bakinta. "Malam, ka gaya musu gaskiya."

"Bari in gwada tukuna."

Ya hau tudu da tulu. Ya kwanta, ya sa kunnen hagu, ya juya bakin tulun gabas. Sai ga shi. Suya a gidan da ke bayan gari, sarai, kamar shekarun da. Hawaye ya zubo masa a kan tulun. Da a ce ya juya tulun kudu, abu ɗaya zai ji, ko ajiye tulun ya yi ma zai ji, kuma wataƙila can cikin ransa ya san haka. Bai juya ba. Ya tashi ya nuna gabas.

"Ka tabbata?" Maccido ya yi masa tsawa a kunne.

"Suna nan, wajen hanyar Aliero. Kai dai ɗauko raga."

Da asuba maza arba'in suka bar gonakinsu suka bi shi da raga da kananzir da adduna. Suka ratsa fadama, suka wuce kurmi biyu. Duk inda suka tsaya ya saurara, sai ya ce gaba kaɗan. Rana ta take, ruwan goruna ya ƙare. Da azahar suka iso wani fili da babu ko ƙaya ɗaya, sai wani Bafulatani da shanunsa. Suka tambaye shi. Ya ce shi kam bai ga jan baki a nan ba, amma da hantsi ya hango baƙinsu can yamma, sun yi wajen Fagada.

Ba wanda ya zagi Hayatu. A hanyar dawowa wani ma ya karɓar masa tulu ya riƙe. Suka iso da rana tana faɗuwa, suka samu mata a bakin gonaki da kwanoni da murafai a hannu, muryoyinsu sun dishe. Gonakin yamma duk sun tafi. Mai gari ya ce Allah ya ƙaddara, ya ce gobe a aika wajen Fulani a tambayi makiyaya, su suke yawo a daji.

Gonar Hayatu tana arewa, rabinta ya tsira. Maccido ya zo da safe ya kafa masa rumfa a tsakiya, ya ja igiyoyi zuwa kusurwa huɗu, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya haɗa bakin igiyoyin a igiya ɗaya wadda ta kai kan rumfar. In an ja, gwangwanaye su yi ƙara, tsuntsu ya tashi.

"Ga aikinka, tsohon banza," ya faɗa da ƙarfi. "Ja kawai. Ko biri ya iya."

Hayatu ya yi dariya, ya hau rumfa. Gero ya fi tsayin mutum, daga inda yake zaune ba ya ganin gwangwanayen, sai kawunan geron da ke kusa. Ya ja, ya huta, ya ja. Yana jin nauyin igiyar a hannunsa, wannan ya ishe shi shaida.

Da azahar Zuhura ta taho da fura. Tun daga nesa ta ji gonar shiru. Ta bi ta gefe, ta ga igiyar ta tsinke tun ba a kai ko'ina ba, bakinta ya sarƙafe a gindin wani kututture, gwangwanayen suna kwance a ƙasa. Ƙarshen gonar ya yi baƙi da tsuntsaye, suna ci hankali kwance, ƙaiƙayi yana zubowa kamar yayyafi. A kan rumfa Hayatu yana jan kututturen da hannu biyu, ya huta, ya sake ja, zufa ta jiƙa masa riga.

Ta ajiye ƙwaryar a inuwa. Ta shiga cikin geron ta inda ba zai gan ta ba, ta warware igiyar daga kututturen, ta nemo ɗaya bakin, ta fara ƙullawa.